Wanda ya tara jama'a shi ke da alhakin sharar taronsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana Zazzagawa kan halin da muke barin unguwanninmu bayan an watse daga taro.

Duk ƙarshen mako, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, daga Samaru har cikin birni, da wuya ka rasa layin da aka kafa rumfa: ɗaurin aure, suna, walimar sauka, taron ƙungiya ko na siyasa. Wannan zumunci ne, Allah ya ƙara mana shi. Amma a koma wurin washegari da safe a gani. Masu haya sun kwashe rumfarsu da kujerunsu, ko ɗaya ba su manta ba, domin dukiyarsu ce. Abin da ya rage sai ledojin ruwa a tattake, da gorunan lemo, da farar robar nan da ake zuba shinkafa, wata da sauran miya da cokali a ciki, awaki suna bi suna lasa. Mai taro kuwa yana gida yana karɓar barka da arziki.

Jakar ruwan leda guda 20 ce a ciki. Bikin da aka sha jaka 50, an zubar da leda 1,000 ke nan a layi ɗaya cikin yini ɗaya. Iska ta kwashe su ta zuba a lambatu, su zauna nan har damina. Da ruwan Agusta ya sauko sai ya tarar hanyarsa a toshe, ya juya cikin gidaje. A cikin birni, inda har yanzu gidajen ƙasa suke da yawa, kowa ya san abin da ruwa yake yi wa gindin katanga idan ya kwana a wurin. Wanda ya kwanta a kwata shi ne sauro yake hayayyafa a ciki. Ledar da ta samu wucewa kuma ta gangara rafin Kubanni, Kubanni ta kai ta kogin Galma, ga masu lambu a bakin ruwan suna noma mana tumatir da latas. A tambayi mahauta irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin saniya. Wasu kuma su ce sun yi tsabta, su tara ta a ƙofar gida su cinna mata wuta, alhali hayaƙin roba guba ne, musamman ga yara da masu asma.

Ba ina cewa a koma shan ruwa da moɗa ɗaya ba, wannan ma hanyar yaɗa cuta ce. Amma babbar gorar ruwan nan da ake ɗorawa kan injin famfo a ofisoshi tana ɗaukar kusan lita 19, kimanin leda 38 ke nan, kuma idan ta ƙare mayar da ita ake yi a sake cikawa. A ajiye irinta a gefen rumfa da kofuna wankakku. Abinci kuma, ba da daɗewa ba a faranti da tire ake kawo shi, mutum huɗu ko biyar su zauna su ci tare, a tattara a wanke. Wa ya ce wannan ƙauyanci ne? Mai ba da hayar kujera zai iya haɗawa da faranti da cokula, a biya samari biyu su wanke, su ma sun samu na sabulu. Abincin da ya rage, idan an kula da tsabtarsa, yana kaiwa ga maƙwabta da almajirai, wanda aka jagwalgwala a roba kuwa bola yake tafiya, ga tsadar shinkafa a yau. Allah ya ce mu ci mu sha, kada mu yi almubazzaranci.

Wasu wuraren doka suka sa. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Jihar Legas kuma ta haramta farar robar abinci a watan Janairun 2024. Ni dai ban ga dalilin da zai sa mu jira doka ba, muna da abin da ya fi ta saurin isa ga mutane. Babu mai toshe layi ya kafa rumfa ba da sanin mutanen unguwa ba. To, mai unguwa ya kafa sharaɗi: wanda zai yi taro ya tanadi buhuna a kowace kusurwa, na goruna da gwangwani daban, domin 'yan bola suna saye, sannan kafin hantsi a share wurin har cikin lambatu. Kuɗin wannan ya shiga lissafin biki tun farko, kamar kuɗin rumfa da na lasifika. Masu ba da hayar zauren taro su ma su rubuta shi cikin yarjejeniya.

Zariya garin ilimi ce. Ina kira ga Jami'ar Ahmadu Bello da sauran manyan makarantunmu, inda ake yawan tarukan ƙara wa juna sani da na yaye ɗalibai, su zama kan gaba, domin abin da ɗalibi ya gani a makaranta shi yake kaiwa gida. Limamanmu kuma, tunda a gabansu ake ɗaura auren, su ƙara kalma biyu bayan addu'a. Ina kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Zazzau, Allah ya ja zamaninsa, ya umarci hakimai da dagatai su isar da wannan sharaɗi ga masu unguwanni kafin damina mai zuwa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Tudun Wada, Zariya