Zancen ɗaga Land Cruiser ɗinka

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Shirun ya yi yawa, sai jiya ƙanenka ya biyo yake ce mini wai za ka ɗaga tsohuwar Land Cruiser 80 ɗinka har inci 4, saboda yashin hanyar Agadas ya ishe ka. Inci 4! Raƙumi za ka mayar da ita?

Don Allah ka tsaya a inci 2, wato santimita 5. Wannan ya isa taya 285/75R16 ta shiga, kuma ka tuna taya ce ke ɗaga aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, daga ƙasa, sifirin bodi kawai yake ɗagawa. Kafin a kwance noti ko ɗaya, a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi a rubuta. Motar da ta haura shekara 25 sifirinta sun riga sun zauna, sabbi za su ɗaga ta fiye da yadda aka rubuta a kwali. Ka sayi sifirin huɗu da shokozoba huɗu masu tsawon da ya dace da su. Idan aka bar gajerun shokozoba, su za su riƙa riƙe aksul duk ramin da ta faɗa, har su tsinke. Wanda ya ce zai cusa maka ƙarfe ya yi walda, ka ɗauke motarka.

Abin da ya fi damuna sitiyari ne. Bodi na tashi, hannuwan da ke riƙe aksul na gaba sai su murɗa shi, kwanciyar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa, wato kasta, ta ragu. Sai mota ta riƙa yawo a kwalta, wani lokaci gaba ya kama karkarwa in ta ɗauki gudu. Akwai bushin gyaran kasta da ake sa wa hannuwan, kar ka bari bakanike ya ce ba dole ba ne.

Af, an sa ranar ɗiyar maƙwabcinmu bayan Sallah, kuma uwargida ta ce ba ta yafe maka tsarabar cukun da ka yi alkawari ba. Wai har yanzu kana loda buhuna a kan rufi? To ka rage, motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa a kwana.

Sai birki. A baya akwai bawul mai sanda da ke auna nauyin kaya. In an ɗaga, sai ya ɗauka motar fanko ce, ya rage wa tayoyin baya ƙarfin birki. A ɗaga mazaunin sandar a jikin aksul daidai da yadda bodi ya tashi. Sannan a ɗora shasi a kan jak, aksul ya sauka iyakarsa, a duba tiyon birki. In ya miƙe tsaf, a sa dogo.

Notin bushi kuwa ba a ƙarasa ɗaure shi sai motar na tsaye kan tayoyinta, in ba haka ba robar ta yage cikin ɗan lokaci. Daga nan a yi alaimen, a daidaita sitiyari. Bayan 'yan kwanaki a sake bin notikan, ka kuma saurari farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksul, ko tana gurnani.

Ka turo mini awon da kuka yi, in leƙa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano in ji farashi. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.