Wasiƙa zuwa ga Aminina a Madina kan Karatun Ɗanmu

Daga Jidda

Malam, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, na samu saƙonka game da sakamakon ɗanmu, kuma na yi murna kamar ɗan cikina ne ya yi wannan bajinta. Allah Ya yi masa albarka. Sai dai maganar da ka yi ta cin bashi domin ka sa shi a jami'ar kuɗi a Riyad saboda sunanta ta hana ni sukuni, shi ya sa na ga ya fi kyau in zauna in rubuto maka a tsanake.

Ka tuna ɗan yayata da muka yi wa irin wannan gaggawar. Mun haɗa kuɗin shekarar farko cikin karo-karo, shekara ta biyu aka yi da kyar, a ta uku kuwa makarantar ta riƙe takardunsa har sai an biya ragowar, yaro mai ƙwaƙwalwa ya koma zaman gida. Kuskurenmu shi ne mun lissafa kuɗin shiga, ba mu lissafa na fita ba. Kai da kake biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarka (takardar izinin zamanka a Saudiyya), wato 4,800 a shekara, ka fi ni sanin cewa kafin ka ɗauki sabon nauyi dole ka haɗa kuɗin makaranta da haya da abinci da mota na shekara huɗu ko biyar, ka ga ko albashinka zai ɗauka ba tare da an tauye ƙannensa ba.

Tunda injiniyanci yake so, ina ganin a fara da guraben tallafin karatu da jami'o'in gwamnati suke ware wa 'ya'yan baƙi mazauna ƙasar, abin da ake kira minha ta cikin gida. A nan ne ƙoƙarinsa zai yi masa rana, domin ana haɗa makin sakandare da na jarrabawar Ƙudurat da Tahsili, wato jarrabawoyin neman shiga jami'a na ƙasar nan. Idan akwai wadda makinsa bai kai yadda ake so ba, ya sake zama tun da sauran lokaci.

Na san zuciyarsa tana Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai da ke Zahran, wadda aka kafa a 1963. Ya nema, ya cancanta. Amma ka sanar da shi cewa da Turanci ake koyarwa a can, gasar kuma mai zafi ce, saboda haka kada ya rataya duk burinsa a wuri ɗaya. Jami'ar Sarki Abdul'aziz tana nan Jidda, kuma idan ya samu, ɗaki yana jiransa a gidana. Abin da na fi so ka duba da kyau, ko da yake kusanci kan sa mutum ya raina abu, shi ne abin da ke ƙofar gidanka: Jami'ar Ɗaiba, da kuma Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961. Mutanenmu da yawa sun ɗauka Shari'a da Hadisi kaɗai ake karantawa a Jami'ar Musuluncin, alhali tana da tsangayar injiniyanci da ta kwamfuta. Yaron da zai kwana a gida, ya ci tuwon mahaifiyarsa, ya yi sallah a Harami, an rage maka kuɗin haya, an kuma rage maka zullumi.

A da, da na ce maka a duba Jami'ar Afirka ta Khartum, amma tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 wannan hanya ta yi wuya. Gida Najeriya kuwa bai kamata a manta da shi ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Bayero a Kano suna da injiniyanci, sai dai dole ya rubuta JAMB, ya kuma ƙarfafa Turancinsa.

Roƙona gare ka shi ne ka zaunar da shi ku yi wannan lissafin tare, a kan takarda, ya ga ainihin abin da kake samu, domin ya girma, zai fahimta. Ka aiko mini da makinsa na Ƙudurat da Tahsili, ni kuma zan je in tambayo sharuɗɗan jami'ar nan kafin a rufe karɓar takardu.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara, ka sa mu a addu'a a Rauda.

Naka amini a kullum.