Rahoton kwamitin gyaran lab ɗin perovskite

Assalamu alaikum malamai da ɗalibai, to alhamdulillah an gama gyaran lab, ɗan kwangila ya miƙo makullai, ga bayanin kwamiti.

Dalma ce ta jawo aikin nan tun farko. Perovskite wani sinadari ne da ake shimfiɗawa a kan gilashi, wanda ya fi aiki a farantin sola da fitilar LED kuwa da dalma ake haɗa shi, kuma da danshi ya taɓa shi sai ka ga baƙin nan da ke kan gilashi ya koma rawaya, ya lalace ke nan, dalmar ta fito yadda ruwa zai iya kwashe ta, mu kuma a sinki ɗaya ake wanke komai ruwan ya bi magudana abinsa. Ita Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce babu adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, balle ga yara.

Yanzu an raba ɗakin gida biyu. Ɓangaren dalma an shafe ƙasa da epoxy, wani fenti mai tauri, don kar garin dalma ya maƙale a tsagi, an sa sabuwar na'urar zuƙe tururi saboda DMF, ruwan sinadarin da ake narka kayan haɗin perovskite a ciki, ruwan wanki kuma tankinsa daban. Nan muka ɗan yi sa-in-sa da ɗan kwangila, ya haɗa bututun da babbar magudana wai ai ruwa ruwa ne, sai da ya fasa ya sake.

Ɗaya ɓangaren na masu aiki da kuza ne, ita ake sa ran ta maye gurbin dalma amma fa ba ta jure iska ko kaɗan, nan da nan oksijin ya sauya ta daga Sn2+, yanayin da ake buƙata, zuwa Sn4+ aiki ya ɓaci, ko an zuba sinadarin kariya SnF2 rage matsalar yake yi kawai. Shi ya sa muka kafa musu akwatin safar hannu, wato rufaffen akwatin aiki da aka cika da naitirojin, oksijin da danshin cikinsa ƙasa da 1 ppm, kashi ɗaya cikin miliyan.

Wasu sun ce me ya sa ba a kori dalmar gaba ɗaya ba. Gaskiya da saura. Wajen mayar da hasken rana lantarki, daga 3.8% da su Farfesa Miyasaka suka samu a Japan a 2009 na dalma ya haura 25%, na kuza zalla bai kai 20% ba, don haka dalma na nan tukuna, masu cakuɗa dalma da kuza kuma a ɓangaren dalma za su zauna.

Dan Allah kowace kwalbar shara a rubuta abin da ke ciki, kar a tsallaka da safar hannu ko cokalin awo daga wannan ɓangare zuwa wancan.