Ina littafin zanen naka?

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ƙoƙari? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Yayarka ta tsegunta mini wata magana, kuma kada ka kira ta da faɗa, ni na matsa mata. Wai ka daina yawo da ɗan littafin nan da kake zana dabarunka a ciki, don ka kawo shawara a wurin aiki an yi maka dariya, har wani ya ce kai tunaninka ba irin na mutane ba ne. Tun ranar ka ja bakinka ka tsuke, duk abin da aka ce sai ka ce haka ne.

Dariyar ba ta dame ni ba. Shirun nan naka ne ya hana ni barci. Aiki in ya kufce Allah na kawo wani, kuɗi in sun ƙare a nemo. Amma mutum ya saba danne tunaninsa tun bai fito ba, har ya zama ɗan bi yarima a sha kiɗa, wannan ban san maganinsa ba. Na ga masu basira da suka yi haka. A hankali suka daina ganin abin mamaki a komai, ka zauna da su ka rasa wanda ka sani a da.

A 1928 wani masanin kimiyya, Alexander Fleming, ya dawo daga hutu ɗakin bincikensa a Landan, ya tarar wani farantin da yake kiwon ƙwayoyin cuta a ciki ya yi fumfuna. Wani da zubarwa zai yi ya wanke. Shi ya tsaya ya duba, ya ga duk kewayen fumfunar ƙwayoyin sun mutu. Mafarin penisilin ke nan, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta. George de Mestral kuwa, injiniya ɗan Suwizalan, ƙayar wata ciyawa ce ta maƙale a gashin karensa a 1941. Ya sa ta a madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne birjik. Sai 1955 ya samu takardar mallakar Velcro, manne-mannen nan na takalmi da jaka. Ka lissafa shekarun da ya yi yana fama da abin da kowa ke cirewa ya yar.

Na san za ka ce ai ni ce na ƙwace rediyon nan da ka warware. Na ƙwace, ko yau ma zan sake: jarrabawa ce a gabanka, kuma ba naka ba ne. Amma na taɓa ce maka ka daina tambaya? Kai da ka ishi gidan nan da "me ya sa", yau dariyar 'yan ofis ce ta rufe maka baki? Haba! Ba haka na rene ka ba.

Ban ce ka raina na gaba da kai ba, kuma ba kowane baƙon tunani ne ke da amfani ba, yawanci ma shirme ne. Sai dai ba ka gane na kirkin sai ka rubuta su duka. Ka ɗauko littafin. Wata rana ka sauya hanyar zuwa aiki, ka karanta abin da ba fanninka ba, ka saurari wanda ake cewa ba a gane masa. Shawarar da aka yi wa dariya kuma ka gyara ta, ka sake kai ta lokacin da shugabanka yake shi kaɗai.

Ka turo mini hoton zanen farko da za ka yi, ko ban gane ba ina so in gani. Allah ya yi maka albarka.

Ummanka