Samarin Kebbi masu kokawa ba ubangida

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan samarin da suka riƙi kokawa sana'a, ba kamfani a bayansu, ba ubangida.

Yaranmu a Birnin Kebbi da Argungu sun haddace sunayen 'yan WWE, babban kamfanin kokawar Amurka, suna alfahari da Omos da Oba Femi saboda 'yan Legas ne. Amma waɗannan biyun daga wasannin jami'a a Amurka aka ɗauko su. Mafi yawan masu wannan sana'a a can masu zaman kansu ne. Saurayi zai yi wani aikin a ranakun mako, Asabar ta yi ya kama hanya zuwa wani gari, ya yi wasa a ƙaramin zaure, a biya shi na daren nan kawai, ya cika da cinikin riguna masu hotonsa. Gaskiya ne tun kafin a hau an san wanda zai yi nasara, amma faɗuwar ta gaske ce, kuma in ya karye daga aljihunsa zai yi magani. Seth Rollins da Kevin Owens duk ta nan suka biyo, ta ƙaramin kamfanin kokawa na Ring of Honor da aka kafa a 2002, kafin duniya ta san su.

Duk wanda ya san fagen kokawa a ƙasar Arewa ta su Kangiwa ko Dandi ko Zuru ya san irin wannan rayuwa, sai dai mu kayenmu ba shiri a ciki. Yaro zai yi noma da damina, kaka ta yi ya ɗaura layunsa ya bi makaɗa gari gari. Abin da zai samu shi ne karin da 'yan kallo suka yi masa, a ciki zai sallami mai kalangu, ya biya mota. Kafaɗa ta goce, sai gidan mai ɗori, shekarar ta wuce shi ke nan. Abin da ya fi ci mini rai, saurayi zai kayar da manya uku a dare guda, gari ya waye babu inda aka rubuta. Na Amurka ko ba komai yana da ranakun wasa da ya sani tun da wuri, yana da bidiyo a YouTube da zai nuna wa mai neman ɗaukarsa. Namu kirari kawai ya mallaka.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Nijar ta fara gasar kokawa ta cin takobi tun 1975 a Tahoua, yanzu jihohi 8 kowace tana kawo 'yan kokawa 10, ana zagayawa da ita, rediyo da talabijin suna watsawa kai tsaye. Issaka Issaka, wanda ya ɗauki takobin sau da dama, ɗan Dosso ne, maƙwabciyarmu da ake shiga daga Kamba. Ƙarfin da ke can akwai shi a nan, tsarin ne babu. Bikin kamun kifi na Argungu da Uhola a Zuru suna ba kokawa fili, amma biki ba ya ciyar da mutum shekara.

Ina kira ga gwamnatin jiha da masarautunmu huɗu, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, su tsayar da gasa duk kaka, a faro daga ƙananan hukumomi 21 a ƙare a filin wasa na Haliru Abdu, da ma'aikacin lafiya a bakin fage da kuɗin kyauta da aka sanar tun kafin a fara. Kai kuma, Malam Edita, ka turo wakilinka Kangiwa ko Kamba in an gama girbin gero, ya rubuto sunayen waɗanda suka yi kaye da garuruwansu, a buga a shafin wasanni.

Mai karanta jaridarka,
daga Kangiwa, Jihar Kebbi.