Zuwa ga ƙanena Ishaku

Manchesta, Ingila
14 ga Janairu

Ƙanena Ishaku,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kuna lafiya, kai da Mama da su Ladi. Ya hunturu? Na san yanzu Katsina ta yi fari fat da ƙura. Mu namu sanyin ba ƙura, sai yayyafi ba dare ba rana, ƙarfe 4 na yamma kuwa duhu ya fara shiga.

Na rubuto maka ne don a waya "ba komai, Yaya" kake cewa ka kashe zance. Mama ta ce mako biyar ke nan ba ka taka majami'a ba, gangar zumuntar matasa ma ka ajiye musu. Kada ka ga laifinta, ni na matsa mata. Wai tun da mutumin nan da ya yi maka alkawarin aiki bayan bautar ƙasa ya daina ɗaga wayarka, ka ci tuwo ka shige ɗaki, Ladi ta gaishe ka ka amsa da ka.

Ba wa'azi na zo yi maka ba, nawa abin kunyar zan ba ka. A gidan tsofaffin da nake aiki, shugabarmu ta yi mini alkawari da bakinta cewa za ta ɗauke ni daga aikin dare ta mai da ni na rana. Wata bakwai ina jira. Da gurbi ya samu, sai ta ba wata da ta zo bayana. Ban ce uffan ba, amma na huce a kan wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Akwai wata tsohuwa da mantuwa ta kama, kullum da asuba ni ke yi mata wanka. Da can ina yi ina mata 'yar waƙa da Hausa, tana dariya ko ba ta fahimta. Sai na daina. In wanke ta, in shafa mata mai, in sa mata riga kamar mai ɗaure buhun masara. Ran nan ta riƙe hannuna ta ƙura mini ido, ta tambaye ni ko laifi ta yi mini. Wallahi, Ishaku, sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

A makon ne karatuna na Littafi Mai Tsarki ya kai Farawa sura 40. Labarin Yusufu mun haddace shi tun makarantar Lahadi, amma rigar da rijiyar da sarautar kaɗai muka riƙe. Ka koma ka duba. Ga mutum 'yan'uwansa sun sayar da shi azurfa 20, matar Fotifar ta yi masa ƙage, yana kurkuku a ƙasar da ba tasa ba. Da safe ya shiga wurin mai shayarwar Fir'auna da mai tuyarsa, waɗanda su ma suna tsare kuma sun kwana da mafarki, ya lura ransu a ɓace, ya tambaye su me ya sa fuskarsu ta canja yau. Nan na tsaya. Wanda ya fi kowa dalilin ɗaure fuska, shi ne ke duba fuskar wasu. Da ya naɗe hannu yana lissafin abin da aka yi masa, da bai ji mafarkinsu ba, da kuma ba wanda zai ambace shi a fada.

Shi ma ai an yi masa irin taka. Ya roƙi mai shayarwa ya tuna da shi in ya koma bakin aiki, mutumin ya fita ya manta da shi shekara 2 cur. Yana da shekara 17 aka fara labarinsa, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Mu kan karanta wannan tsakanin cikin minti goma, shi kuwa kwana ɗai-ɗai ya ƙirga shi. Ni dai ban yarda da masu cewa kowane mai haƙuri sai ya zama waziri ba; ni har yau aikin dare nake yi. Abin da ya dame ni shi ne irin mutumin da na fara zama ina jira.

Ka tuna Kaka? Kai kana ƙarami, amma na san kana tuna hannunsa. A Babbar Ruga ya yi jinyar kuturta, lokacin 'yan mishan na SIM ke kula da wurin, a can kuma ya karɓi bangaskiya. Ya warke, yatsun dai ba su dawo ba. Da tsumma yake ɗaure fartanya a hannu ya shiga gona, in ya dawo kuma shi ke zagaya maƙwabta, Musulmi da Kirista, yana tambayar wa ya kwana da ciwo. Ban taɓa ji ya ce don me ni ba.

Ba na ce ka yi kamar abin bai yi maka zafi ba. Dawuda ma a Zabura ya tambayi Allah har yaushe zai manta da shi. Ka faɗa wa Allah haka, ka faɗa wa Fasto in kana so. Amma ka fito daga ɗakin nan. Ka dubi fuskar Mama, ƙafarta na kumbura ba ta faɗa maka ba. Ladi kuma jarrabawa na gabanta, lissafi ke ba ta wuya, kai kuwa ka iya.

Na turo kuɗi ta asusunka jiya. Ka sayo wa Mama maganin hawan jini na wata biyu, ragowar ka gyara mashin ɗinka, don yawon neman aiki a ƙafa daga Ƙofar Ƙaura ba zai yiwu ba. Akwai wata 'yar cocinmu da za ta zo Kano a Fabrairu, zan ba ta lambarka. A haɗo mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, a ɗaure daddawar sosai, wancan karon duk kayan matar suka ɗauki wari.

Tsohuwar tawa kuwa na koma yi mata waƙa. Shekaranjiya ta kama bin baitin ƙarshe da nata irin Hausar.

Ka gaida Mama, ka gaida Fasto da matan zumunta.

Yayarka,
Rifkatu