Wasiƙa daga Austin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mutumina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da amarya, da duk mutanen gida. Saƙonka ya iso tun kafin azumi, kuma na san ka riga ka yanke hukunci cewa na shiga Amurka na manta da mutane. Ajiye bulalar tukuna. Zancen ranar dawowata da ka tambaya zan zo kansa a wasiƙa ta gaba, amma akwai labarin da ya cika min ciki, sai na fara zazzage maka shi.

Malamar da ke duba aikina ta amince da batun binciken da na kai mata, sashenmu kuma zai ɗauki nauyin tafiyata Burazil a dogon hutu mai zuwa. Alhamdulillahi! Kai da kake yawo da ni a majalisa cewa na haye teku don in koyi yaren 'yan ƙwallo, sai ka nemi wani abin tsokanar. Da ma haushin ka ne don ni ina jin abin da kocin Barcelona ɗinka yake faɗa in an lallasa ku, kai kuwa sai an fassara maka.

Bari in gaya maka abin da ake karantawa a nan, don na lura har yau kana zaton Sifaniyanci ne kawai daga safe har dare. Harshen shi ne ƙofa, gaskiya, kuma ya ba ni wuya kafin bakina ya sake. Amma bayansa akwai tarihi mai nauyi. Mun faro daga 1492, shekarar da Garnada ta faɗi, mulkin Musulmi ya ƙare a Andalus, wato ƙasar Sifaniya ta yau, kuma a cikinta Kolumbus ya tsallaka teku. Muka zo 1521 da Sifaniyawa suka ci Tenochtitlan, birnin Aztek, wanda a kan kufansa aka gina birnin Meziko na yau. Harshen mutanen, Nahuatl, bai mutu ba, sama da mutum miliyan ɗaya na magana da shi har yanzu. Ɗakin karatun Benson da ke jami'armu cike yake da tsofaffin takardu da taswirori na wancan zamani, in na shiga bayan azahar sai yunwa ta fito da ni.

Abin da ban sani ba sai da na zo shi ne, ƙasar da nake takawa ɗin nan, wato jihar Texas inda Austin take, ta Meziko ce a da. Texas ta ɓalle a 1836, sannan bayan yaƙi da Amurka, a yarjejeniyar 1848, Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta, har da Kalifoniya. Akwai 'yan ajinmu da kakanninsu ba su taɓa ƙetare iyaka ba, suna zaune a garinsu aka wayi gari sun zama 'yan wata ƙasa. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen da asalinsu ya fito daga Meziko da sauran ƙasashe masu Sifaniyanci sun haura miliyan 62 a Amurka. Wata da muke zama benci ɗaya ta ce min kakarta ta sha duka a firamare saboda ta yi Sifaniyanci a filin wasa, shi ya sa ba ta koya wa 'ya'yanta ba. Yau ga jikar tana biyan kuɗi tana koyon harshen gidansu tare da ni Bakano. Sai na tuna monita da takardarsa ta masu yin Hausa a aji, wadda sunanka ba ya taɓa fita daga cikinta. Ran nan dai ban yi dariya ba, don yarinyar idonta ya kawo ruwa.

Af, kafin in manta, wannan naka ne kai ɗan Dawanau. Zoɓon da kuke lodawa a tirela, ga inda yake ƙarewa. Duk gidan abincin 'yan Meziko da ka shiga za ka tarar da shi cikin babban tulun gilashi, ja wur, da ƙanƙara, sai dai ba citta ba kanumfari. Na ce wa mai shagon wataƙila daga hannun abokina ya fito, ya ƙi karɓar kuɗina. Saboda haka ina bin ka godiya, kai kuma kana bi na kofi ɗaya. Su ma fa sun ba mu: masara, rogo, gyaɗa, tumatir, barkono, duk daga nahiyarsu suka zo. Dalar gyaɗar da Kano take tinƙaho da ita, irin daga Kudancin Amurka yake.

To ga asalin maganar. A darasin tarihin bauta ne malamin ya ambaci Bahia, a arewa maso gabashin Burazil, sai na ji ya ce Hausa. Na ɗauka kunnena ne. Ashe bayan jihadi ya tashi a 1804, waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen, daga kowane ɓangare, an yi ta gangarawa da su kudu hannu zuwa hannu har bakin teku, aka zuba su a jirage. Da yawa a birnin Salvador aka sauke su. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla a birnin. Suka sake tashi a 1809, suka kuma tashi a 1814. Sai babban na watan Janairun 1835, cikin azumi, wanda Yarabawa Musulmi suka fi yawa a ciki, da Hausawa tare da su. Sun fito da fararen riguna, an tona asirinsu tun daren, aka murƙushe su kafin gari ya gama wayewa. A jikin waɗanda aka kashe da gidajen da aka bincike, 'yan sanda sun sami layu, da takardu masu ayoyi, da alluna. Alluna fa, mutumina, irin wanda ni da kai muka riƙe a zauren Malam. Takardun suna nan ajiye a gidan adana tarihi na jihar Bahia, su zan je in gani da idona.

Daren da na fara ganin hotunansu ban runtsa ba. Rubutun irin namu ne na tsangaya, wani hannun ya ƙware, wani kuwa ka san ɗan koyo ne, yana rubuta aya ɗaya yana maimaitawa. Mutum an raba shi da uwa da gari da suna, yana dako a tashar jirgin ruwa, da dare kuma ya nemi tawada. Kuma abin da ya fi tsaya min a rai, ba Bature ne ya kamo shi daga ƙauyensu ba. Wannan ɓangaren ba a koya mana shi ba, ni kuwa ina ganin ya kamata a koya.

Malamata ta ce 'yan ajinmu sun fi ni Sifaniyanci, amma babu mai karatun allo a cikinsu sai ni, don haka in riƙe wannan da kyau. Yanzu na shiga ajin harshen Fotugis, tunda shi ake yi a Burazil. Mai Sifaniyanci yana karanta shi ba wuya, amma in suka buɗe baki sai ka rantse ta hanci suke magana.

Na ji an ce Dogo ya sayi mota kuma ya daina amsa sallamar masu babur. Gaskiya ne? Kuma wai auren ƙanwarku an ɗaga zuwa bayan babbar salla? Ba wanda ya gaya min, a hoton Facebook na tsinta, wannan kuwa sai mun zauna.

Damuwata ɗaya ita ce Baba. Duk wayar da muka yi sai ya tambaye ni wane aiki ake samu da wannan karatu, kuma tambayarsa tana kan hanya, shi ya sayar da fili aka yi min kuɗin jirgi. Na gaya masa akwai koyarwa, akwai tafinta, akwai ofisoshin jakadanci, ga kuma Ikwatoriyal Gini nan kusa da mu da Sifaniyanci suke aiki. Ya yi shiru, ka kuwa san shirun Baba. Don Allah ranar Juma'a in kun sauko ka biya ka gaishe shi, ka ba shi labarin allunan nan da bakinka. Yana jin maganarka fiye da tawa, kuma na san abin zai taɓa shi.

Sai roƙo na biyu. Zan turo maka hotuna uku na takardun ta WhatsApp, ka buga su manya a takarda ka kai wa Malam. Akwai hatimi a ɗaya da ban gane kansa ba, ina so ya duba ko ya san irinsa, da abin da ake rubuta shi dominsa. Ka ɗauki bayaninsa a waya in ya yarda, kada ka taƙaita min, na san halinka da gaggawa. Ka tafi masa da goro, zan turo kuɗin.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida amarya da 'yan majalisa baki ɗaya, har da Dogo in ya sauke gilashi.

Wassalam,
naka har kullum.